Zaɓen siki a cikin zafin Akra

Kakar ƙanƙara a Ostiriya takan zo ƙarshe a cikin watan Afrilu. Da zarar dusar ta fara narkewa, aka tsayar da kujerun igiya masu hawa da mutane kan dutse, mu ma'aikatan shagunan hayar kayan zamiya sai mu wasa bakin kowane siki, mu shafe ƙasansa da kaki don kada ya yi tsatsa, mu jera a sito, kowa ya kama gabansa. Siki, ga wanda bai taɓa gani ba, allo ne dogo siriri, kusan tsayin mutum, ana ɗaura guda a kowace ƙafa a sulalo da shi daga kan dutse bisa dusar ƙanƙara. Shi ne abincina shekara da shekaru. Bana da muka rufe, na fara wucewa Kumasi na gaida tsohuwa a Aboabo, daga nan na hau motar VIP zuwa Akra domin auren 'yar Yayata.

Mun bi ta Konongo muka isa Nkawkaw, duwatsun Kwahu na tsaye a hannun hagu, kore shar saboda damina ta sauka. Wanda ya daɗe a sana'ata ba ya kallon dutse haka kawai, idona na ta auna gangaren, ina cewa nan wurin ɗan koyo ne, can sai gwani. Afadjato, dutsen da tun muna makaranta ake ce mana ya fi kowane tsawo a Gana, mita 885 aka ce mana tsawonsa. Ƙauyen da nake aiki, a gindin kwari yake, amma kusan tsayinsa daga teku ke nan, daga nan ne ma ake fara hawa. A Nsawam na sayi burodi na tsaraba, cunkoson Ofankor ya cinye mana magariba, sai bayan isha'i na sauka a Circle na ɗauki tasi zuwa Nima.

Gidan Yaya cike yake da baƙi. Ana ta shigo da tukwane, 'yan mata na tsince shinkafa da wake, wasu na gardamar ankon da za a saka ranar ɗaurin aure da na ranar kai amarya. Da safe, bayan mun sha koko da ƙosai, babban ɗanta ya jawo kujera kusa da ni. Shekarunsa kaɗan a Toronto yana aikin kwamfuta, ya zo bikin ƙanwarsa.

"Kawu, da ma kai nake jira. Dubi wannan."

Ya miƙo mini waya. Hoton siki ne na kamfanin Völkl na Jamus, samfurin da suke kira Mantra M7. Ya shafa allon wayar ya nuna mini wani kuma, mai faɗi sosai, irin wanda yake gani a bidiyo ana yawo da shi cikin dusa har ƙugu a Japan. Ya ce ya gaji da haya, yana son nasa na kansa, kuma abokansa sun ce ya jira na sabuwar shekara ya fito tunda kullum na baya-bayan nan ya fi.

Na ji daɗi har cikin raina. Ban taɓa zaton wata rana za a yi mini irin wannan tambaya da Hausa, a tsakar gidanmu, ana jin ƙamshin waken da ke kan wuta ba. Amma ban duba wayar sosai ba tukuna. Abin da nake yi wa duk wanda ya shigo shagonmu shi na yi masa: a ina kake zamiya, hunturu nawa ka yi kana yi, nauyinka nawa, tsayinka nawa, kuma idan ka tsaya a saman gangare me zuciyarka take so, gudu ko kwana.

Ya ce Blue Mountain yake zuwa, tafiyar kamar awa biyu a mota daga Toronto, yawanci da yamma bayan aiki, a ƙarƙashin fitilu. Hunturunsa na uku ke nan. Na san labarin wurin. Daga sama zuwa ƙasa mita 220 ne, dusar da yawa inji ne yake fesa ta, ana daddaɓe ta, kuma kafin dare ƙafafun mutane sun kankare saman, abin da ya rage a ƙasa tauri ne kamar daɓe. Wannan amsar kaɗai ta kori sikin nan mai faɗi.

Na ce ya buɗe shafin bayanai, ya bar hoton. Kowane siki yana da lambobi uku a jere, misali 130, 88, 115. Faɗinsa ne da milimita: na kai, na ƙugu inda ƙafa take takawa, da na wutsiya. Lambar tsakiya ita ce uwar magana. 'Yan tseren kewaya sanduna suna hawa mai ƙugu wajen 65 zuwa 68, domin siriri yana juyawa daga wannan baki zuwa wancan cikin ƙiftawar ido, ya ciji ƙanƙara. Daga 75 zuwa 90 na hanyar da aka daddaɓe ne. Daga 95 zuwa 105 na mai shiga ko'ina ne, yau hanya gobe daji. Abin da ya haura 110 na sabuwar dusa mai zurfi ne, inda ake son allon ya yi iyo a sama kada ya nutse. Ka ɗauki irin wannan ka kai shi kan tauri, sai ka karkata gwiwa sosai kafin bakin ƙarfen ya taɓa ƙasa, kuma gwiwar ce za ta biya kuɗin da daddare. Na sha ganin matasa sun dawo mana da shi tun kafin azahar suna ɗingishi, suna neman a canza musu.

Akwai lamba ta huɗu, wadda ake rubutawa da mita. Tunda ƙugun ya fi kai da wutsiya siranta, gefen sikin a lanƙwashe yake, kuma wannan lanƙwasar ce take yanke faɗin kwanar da zai yi idan ka kwantar da shi a kan bakinsa. Mita 12 ko 13 kwana ce 'yar ƙarama mai sauri. Mita 20 zuwa sama kwana ce mai faɗi, tana son fili da gudu. A gangare gajere mai cike da jama'a, mita 14 zuwa 16 ta wadatar.

Sai na ɗauko muciyar da ke jingine a bango na kwantar a ƙasa don ya gane sauran. Siki idan an ajiye shi ba kowa a kai, tsakiyarsa ba ta taɓa ƙasa, yana da ɗan doro. Idan ka taka, doron ya miƙe, nauyinka ya bazu har kai da wutsiya, shi ne yake ba da riƙo. Akwai kuma ɗagi, wato kan allon ko wutsiyarsa su fara tashi daga ƙasa tun da wuri. Wani gwanin zamiya mai suna Shane McConkey ne ya yayata shi da sikin Spatula na kamfanin Volant a 2002, yanzu kusan kowane siki yana da ɗan rabonsa. Ɗagi yana sauƙaƙa shiga kwana, yana hana kai nitsewa, amma duk abin da ya ƙaru a ɗagi ya ragu ne daga tsawon bakin da ke riƙe ƙanƙara.

"To Kawu, Mantra ɗin fa? Shi ai 96 ne."

Na ce siki ne na kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma a cikinsa, bayan katako, akwai ƙarfen da ake kira Titanal, wani gamin alminiyom da ake yi a Ostiriya. Ƙarfen yana kashe karkarwa, yana sa allon ya natsu idan ana gudu. Sai dai yana da nauyi da tauri, ba ya lanƙwasa sai an matsa masa da ƙarfi da gudu. Mai hunturu uku a kan gangaren mita 220, kafin sikin ya farka ya iso ƙasa. Zai ja shi baya, ya koya masa zama a kan dugadugai, kuma wannan ɗabi'a ce mai wuyar gyara.

Daga nan muka shiga zancen shekara, wanda shi ne ya fi damuna. Kamfanonin siki suna fitar da jerin kayansu kowace shekara, kuma lissafinsu yana gaba da kalanda: abin da suke kira na 2025 ya shiga shaguna tun ƙarshen 2024. Mu 'yan shago mukan gan shi tun hunturun da ya gabata, a kai mu dutse mu gwada, maigida ya yi oda. Don haka na san abin da ke faruwa a bayan hotunan. Ƙera sabon siki yana bukatar sabon mazubi ga kowane tsayi, kuma mazubi kuɗi ne mai yawa, ba mai zubar da shi bayan shekara ɗaya. Mantra ɗin nan da kansa shaida ne. M5 ya fito a kakar 2018 zuwa 2019, M6 a 2021 zuwa 2022, M7 a 2024 zuwa 2025. Tsakanin kowane biyu shekara uku, kuma duka ƙugunsu 96. Babban sauyi na gaske shi ne wanda ya zo da M5, domin na gabansa ƙugunsa 100 ne kuma ba shi da doro, ɗagi ne tun daga kai har wutsiya. Wanda ya saba da wancan ya sayi M5 saboda suna, wani siki daban ya kai gida. A shekarun da ke tsakani kuwa, galibi abin da ake sauyawa fentin sama ne.

Yaya tana gefe tana ƙirga turamen anko, ashe kunnenta na wajenmu. Ta fi shekara talatin tana sayar da atamfa a Makola.

"Wannan ai zancen kasuwarmu kake yi," in ji ta. "Sabon zane yana fitowa, mata su yi ta rububi, alhali yadin na bara ne, kala aka juya. Wata rana kuma zanen da ka sani ne, sunan da ka sani ne, amma ka murza shi a yatsa ka ji zaren ya canza. Ni ba na kallon fure. Bakin zanen nake dubawa, in murza, in ɗaga a rana."

Ta juya wajen ɗanta ta ce, "Ka ji abin da kawunka yake gaya maka."

Na ce Yaya ta gama magana, saura in nuna masa inda bakin zanen siki yake. Ka ɗauko bayanan na bana da na bara, a tsayi ɗaya, ka jera. Lambobin nan uku, mitar kwana, nauyi da giram, tsayin da ake yi, da abin da aka lissafa a cikin gini: wane katako, ƙarfe shimfiɗa nawa, akwai zaren kabon ko babu. Idan duk sun zo ɗaya, siki ɗaya ne, ka sayi na bara. A shagonmu daga Maris mukan rage kashi 30 har 40 cikin ɗari don a kwashe. Idan tsayin da ake yi ya sauya, ko faɗin kai da wutsiya ya motsa, to an yi sabon mazubi, sai ka tsaya ka karanta da kyau, ka kuma nemi gwaji. Sabo ba lallai ya fi dacewa da kai ba. Sau da yawa kamfani yakan tausasa siki don ya samu masu saye da yawa, gwanaye su yi ta ƙorafi, ɗan koyo kuwa gaba ta kai shi. Wani lokacin akasin haka.

Kakar 2025 ta zo da sauye-sauye irin waɗannan da yawa. Nordica ta mai da Enforcer 100 ya zama 99, na 88 ya zama 89. Blizzard ta ajiye Brahma da Bonafide, sunayen da mutane suka daɗe da sani, ta kawo jerin Anomaly a madadinsu. Völkl kuma ta ɗauke sunan Kendo 88 ta sa shi cikin gidan Mantra. Milimita ɗaya a ƙugu ba mai jin ta a ƙafa, wannan na tabbata. Alama ce kawai cewa an taɓa cikin, kuma cikin ne abin tambaya. Yana da kyau mai saye ya san cewa sunayen sun fi masu su yawa: Nordica da Blizzard gida ɗaya ne, Atomic da Salomon ma haka.

Washegari Yaya ta aike mu Makola karɓo saƙo, na ce mu ratsa ta kasuwar gwanjo ta Kantamanto, ina son ganin yadda ta koma bayan gobarar farkon Janairun 2025. An sake kafa rumfuna, katakon sabo fari, kwanon rufi na ƙyalli, mata 'yan dako na ratsawa da dila a ka, masu guga da masu ɗinki na ta aiki a lungu. Kayan sanyin Turai duk a nan suke ƙarewa. Na ga rigunan zamiya masu kyau rataye, 'yan acaɓa da masu shirin tafiya waje ne suke saye. A layin takalma na hango abin da na sani tun daga nesa: takalman siki na roba, ƙafa uku ko huɗu, a cikin tarin kambas. Mai rumfar ya ce a cikin dila suke zuwa, ba mai tayawa, wani lokaci masu shirya wasan kwaikwayo ne suke ɗauka.

Na ɗauki ɗaya na juya shi. Na nuna wa yaron lambar da aka buga a gefen diddige, tsawon tafin takalmin da milimita, da wata a ciki, tsawon ƙafa da santimita. Na matsa robar da babban yatsa, ta yi fari a wurin, ga 'yan tsage-tsage kusa da maɓalli. Irin wannan roba tana tsufa, zafi da laima suna gaggauta mata, ranar da ta shiga sanyi sai ta fashe a ƙafar mutum yana tsakiyar gudu. Na ce ko kyauta aka ba shi kada ya karɓa.

A nan na gaya masa abin da na fi so ya riƙe: takalmi kafin siki. Duk umarnin da ƙafa take bai wa allo ta cikin takalmi yake bi. Idan ya yi yawa, ƙafa tana yawo a ciki, siki mafi tsada a duniya ba zai ji maganarka ba. Yawancin masu haya suna saka wanda ya fi su da lamba ɗaya ko biyu saboda daɗi. Ya je wurin mai auna ƙafa ya zauna, a duba faɗinta da tudunta, ya ɗauki mai lambar tauri wajen 90 ko 100, ya bar 130 ga masu tsere. Ƙafafun da yawa daga cikinmu suna da faɗi a gaba, kuma ana iya gasa robar a buɗa ta daidai inda take matsi. Aikin da nake yi kusan kullum ke nan.

Can ƙuryar wata rumfar kayan gida kuma, tsakanin sandunan golf da keken motsa jiki, ga siki guda biyu a tsaye, sun fi ni tsawo nesa, sirara, miƙaƙƙu daga sama har ƙasa. Na shekarun 1980 ne. Na ce masa ga sauyi na gaske. A farkon shekarun 1990 kamfanoni irin su Elan na Sulobeniya da Kneissl na Ostiriya suka fito da siki mai siririn ƙugu da faɗin kai, kafin ƙarshen shekarun goman kowa ya bi, allunan suka gajarta, koyo ya yi sauƙi. Irin wannan juyi da na ɗagi, a rayuwar sana'a sau ɗaya ko biyu mutum yake gani. Mariƙin takalmin da ke jikinsu kuwa, babu shagon kirki da zai yarda ya saita shi yanzu, domin masu ƙera shi sun daɗe da janye lamuninsu a kansa.

Da daddare samarin layin suka kira mu shan ataya. Zancen ya bi mu har can, wayar na ta zagayawa hannu zuwa hannu. Wani dattijo da ya tsaya gaisawa ya tambaya ko baƙar fata na yin wannan abu da gaske. Na ce ƙwarai, har da tutar Gana. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda aka haifa a Glasgow ya tashi a nan Akra, ya koyi zamiya yana babba a wani filin ƙanƙara na cikin gini a Milton Keynes ta Ingila inda yake aiki, ya kuma wakilci Gana a gasar Olamfik ta hunturu a Vancouver a 2010, sanye da kaya masu zanen damisa. Akwasi Frimpong ya je ta 2018 a Koriya ta Kudu, shi a kife yake sulalowa a kan ɗan keken ƙanƙara. Carlos Mäder ya yi zamiya da sunan Gana a Beijin a 2022. Dattijon ya jinjina kai, sannan ya tambayi abin da ya fi damunsa, yadda nake alwala a wannan sanyi. Na ce akwai ruwan ɗumi a bayan shago, kuma sallar azahar da la'asar a ɗakin gyaran kaya nake yi. Ya sa mini albarka ya wuce.

Kafin a tashi na sa yaron ya rubuta a wayarsa. Ƙugu tsakanin 80 da 88. Tsayi, idan an tsayar da sikin, ya kai tsakanin hancinsa da goshi, wanda a jikinsa ya kama wajen santimita 170. Kwana mita 14 zuwa 16. Doro a ƙarƙashin ƙafa, ɗan ɗagi a kai. Katako a ciki, ƙarfe kaɗan ko babu. Na bara, idan lambobinsa sun yi daidai da na bana. Idan hunturu ya kama, ya nemi ranar da shaguna suke kawo kayan gwaji, ya hau biyu ko uku a kan gangare ɗaya, a yini ɗaya, da takalminsa na kansa. Mariƙin takalmi kuma kada ya kuskura ya murɗa shi da hannunsa ko ya bar aboki ya murɗa masa. Lambar da ake saita shi a kai daga jadawali take fitowa, bisa nauyi, tsayi, shekaru, tsawon tafin takalmi da irin zamiyar mutum. Idan ta yi ƙasa, sikin ya cire yana gudu. Idan ta yi sama, ya faɗi sikin ya ƙi sakinsa, ƙashin ƙauri ko gwiwa su ɗauki abin.

Ya ɗan yi shiru, na ga har yanzu ransa na kan Mantra. Na ce ba inda za shi, in Allah ya kai mu ya ƙara hunturu biyu, ya fara zuwa manyan duwatsun yammacin Kanada, ni da kaina zan ce ya saya, wataƙila ma a lokacin an yi wani sabo, M7 ya faɗo a kuɗi.

An ɗaura aure ranar Lahadi, aka kai amarya unguwar Madina da yamma. Ɗan Yaya ya tashi ta filin jirgin Kotoka kwana biyu bayan haka, ni kuma na koma Kumasi wajen tsohuwa. Mun yi da shi cewa idan ya je wurin mai takalmi zai turo mini awon ƙafarsa da hoton abin da aka ba shi kafin ya biya.